Miroslav Klose: Kafintan da ya zura ƙwallo 16 a gasar cin kofin duniya

Masu kallo, ku tuna ranar 21 ga Yuni, 2014, a birnin Fortaleza na Brazil. Ghana na gaban Jamus da ci 2 da 1, André Ayew da Asamoah Gyan sun riga sun zura nasu. Sai koci Joachim Löw ya sako wani ɗan wasa mai shekara 36 daga benci. Ko minti biyu bai cika ba aka bugo kwana, ɗan bayan Jamus Höwedes ya sa kai, mutumin nan ya miƙa ƙafa a bakin raga ya tura ta ciki. Miroslav Klose ke nan. Ƙwallonsa ta 15 a gasar cin kofin duniya, ya kamo Ronaldo na Brazil, wanda a lokacin ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar.

An haife shi a Opole ta ƙasar Poland a 1978. Mahaifinsa ɗan ƙwallon ƙafa ne, mahaifiyarsa kuma ta buga wa Poland ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 8 iyalinsa suka koma Jamus, bai ma iya Jamusanci ba. Lokacin da sa'o'insa ke makarantun horo na manyan kulob, shi yana koyon kafinta, yana taka leda a ƙaramar ƙungiyar Blaubach-Diedelkopf. Sai da ya haura shekara 20 kafin Kaiserslautern ta ba shi dama a Bundesliga.

Ni abin da ke burge ni a wasansa shi ne sanin wuri. Ba gwanin yanka ba ne, ba kuma mai harbi daga nesa ba. Amma duk inda ƙwallo za ta faɗo, can za ka tarar da shi, kamar an raɗa masa a kunne. A gasar 2002 ya ci biyar, dukansu da ka: uku a ragar Saudiyya, ɗaya Ireland, ɗaya Kamaru. Daga nan duniya ta san alkafurar da yake yi in ya ci. A 2006 ya ƙara biyar ya karɓi takalmin zinare, a 2010 huɗu.

A kulob ya ratsa Werder Bremen, Bayern Munich da Lazio. A Bremen ɗin ne a 2005, ana wasa da Bielefeld, alƙali ya ba shi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Klose ya je ya gaya masa cewa gola bai yi laifi ba, aka soke bugun. A 2012 kuma, Lazio da Napoli, ƙwallo ta taɓa hannunsa ta shiga raga. Alƙali ya riga ya amince, shi da bakinsa ya ce da hannu ne, aka soke. Mutum nawa kuka san za su iya haka?

Mu koma Brazil. Ranar 8 ga Yuli, a Belo Horizonte, wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Jamus da Brazil, minti na 23. Golan Brazil Júlio César ya tare harbin Klose na farko, ta dawo masa, ya mayar da ita raga. Ta 16 ke nan, a gaban 'yan Brazil, Ronaldo na zaune a filin yana sharhi. Aka tashi 7 da 1. Bayan kwana biyar Jamus ta ɗaga kofin, Klose kuma ya ajiye rigar ƙasa da ƙwallo 71 a wasa 137, ya wuce tsohon gwarzon Jamus Gerd Müller mai 68.