Ɗa'ifa: Birnin Kan Dutse Da Ya Cancanci A Kwana A Cikinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa. Malamaina, iyayena, 'yan'uwana maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne birnin Ɗa'ifa da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da kuma yadda mai niyyar zuwa Umara zai tsara ziyararsa. Zan fara da faɗin ra'ayina a fili: yadda yawancin mutanenmu ke ziyartar wannan gari bai dace da darajarsa ba. A cika mota daga Makka bayan sallar asuba, a tsaya a wurare uku ko huɗu a ɗauki hoto, a sayi kwalbar turare, kafin la'asar an juyo. Wanda ya yi haka ya taka ƙasar Ɗa'ifa, amma da wuya ya iya ba da labarinta idan ya dawo gida. Ina roƙon duk wanda Allah Ya hore wa hali ya ware mata kwana ɗaya cur, ya kwana, ya wayi gari a can.

Ɗa'ifa tana gabas da Makka ta ɓangaren kudu, a kan jerin duwatsun Sarawat, kuma tsayinta daga bakin teku ya kusa mita 1,900, alhali Makka ba ta kai mita 300 ba. Wannan bambanci shi ne asalin duk abin da za ku gani a can. Shi ya sa tun kafin Musulunci attajiran Ƙuraishawa suke da gonaki a Ɗa'ifa, suna gudun zafin Makka su hau can lokacin bazara, kuma shi ya sa sarakunan Saudiyya suka daɗe suna mayar da harkokin mulki can idan zafi ya tsananta. Garuruwan biyu sun kasance tagwaye a idon Larabawa, har Alƙur'ani ya kawo maganar masu musu a Suratuz Zukhruf, aya ta 31, inda suke cewa me ya sa ba a saukar da shi ga wani babban mutum daga alƙaryu biyu ba. Malaman tafsiri sun ce alƙaryun su ne Makka da Ɗa'ifa.

Hanyoyi biyu ne manya daga Makka. Ta Hada ita ce mafi kusa, kimanin kilomita 90, kuma ita ce take hawa dutsen Kara tana lanƙwasa kamar macijin da ke hawa bishiya. Ta Sail ta fi tsawo amma ta fi sauƙin hawa, kuma manyan motoci sun fi bin ta. Shawarata ita ce a hau ta Hada da rana a cikin ƙaramar mota, a sauko ta Sail, zan kuma faɗi dalili nan gaba. A sani cewa hukuma takan rufe hanyar Hada idan an yi ruwa mai ƙarfi ko hazo ya sauko, saboda haka a tambayi direba kafin a tashi. Wanda yake fama da jiri a mota ya zauna gaba, kada ya cika cikinsa. Kunnuwa za su toshe yayin hawa, haɗiye miyau yana buɗe su. A gefen hanyar za ku ga birai garke-garke a kan duwatsu, uwa ɗauke da ɗanta a baya, manyan mazan kuma da gashi fari-fari a kafaɗa suna zaune suna kallon motoci. Kada a buɗe gilashi a miƙa musu abinci, domin suna fizge jaka, suna kuma cizo.

Dalilin da ya sa nake son ku hau ta wannan hanya da idonku biyu shi ne tarihin da ke bayanta. A shekara ta goma bayan aiko shi, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tafi Ɗa'ifa tare da Zaidu ɗan Harisa yana neman ƙabilar Saƙif ta karɓi kiransa. Manyansu suka ƙi, suka kuma tura masa wawayensu da bayinsu suna jifan sa da duwatsu har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a gonar Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, suka aiko masa da inabi ta hannun wani yaronsu Kirista mai suna Addas, mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Nana A'isha ta tambaye shi ko ya taɓa ganin ranar da ta fi ta Uhudu tsanani, sai ya ambaci wannan tafiya, ya ce mala'ikan duwatsu ya nemi izinin ya haɗe duwatsu biyu a kan mutanen da suka ƙi shi, shi kuwa ya ce yana fatan Allah Zai fitar da masu bauta Masa Shi kaɗai daga tsatsonsu. Mun sha jin wannan ƙissa a wa'azi tun muna yara. Amma sai mutum ya leƙa ta tagar mota ya ga zurfin kwarin da tsayin dutsen, ya tuna cewa babu mota babu kwalta a wancan zamani, sannan zai fahimci nauyin abin da ake karanta masa.

Labarin bai tsaya nan ba. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunaini, Musulmi sun yi wa Ɗa'ifa ƙawanya, har aka yi amfani da majaujawar yaƙi, amma ganuwarta ta gagara, aka janye bayan sahabbai 12 sun yi shahada. A shekara ta 9 Saƙif da kansu suka aiko tawaga Madina suka musulunta, aka tura Mugira ɗan Shu'uba, wanda ɗan ƙabilar ne, ya rushe gunkinsu Lata. Daga cikin wannan ƙabila aka sami Muhammadu ɗan Ƙasim, wanda ya kai Musulunci ƙasar Sind a wajajen shekarar 712.

A tsakiyar gari, wurin da ya kamata a fara da shi shi ne masallacin Abdullahi ɗan Abbas, babban malamin tafsiri na sahabbai, wanda ya ƙare rayuwarsa a Ɗa'ifa ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira. Kabarinsa yana gefen masallacin. Daga nan tsohuwar kasuwa tafiyar ƙafa ce, kuma bayan la'asar ta fi daɗin shiga, lokacin da masu zuma da masu turare suka buɗe shaguna. A unguwar Masna, a bakin kwarin Wajj, akwai ƙananan masallatai da direbobi ke kai mutane, irin su masallacin Addas da masallacin Ku'u. A nan ina da jan hankali. Gine-ginen an yi su ne ƙarnoni da yawa bayan zamanin Annabi, kuma cewa a daidai wannan dutse ya jingina ko a daidai wancan wuri ya zauna, magana ce ta mutanen gari da aka gada baki da baki. A je a gani, a tuna abin da ya faru a wannan kwari, amma kada a shafi bango ko a ɗebi ƙasa da sunan neman tabarraki.

Masu sha'awar tarihin baya-bayan nan su nemi fadar Shubra, farin gini mai hawa huɗu da tagogin katako masu sassaƙa, wanda aka kammala a farkon ƙarni na 20, Sarki Abdul'aziz ya zauna a cikinsa, daga baya aka mai da shi gidan tarihi. Akan rufe shi don gyara, saboda haka a bincika tukuna. A Ɗa'ifa Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, a nan kuma aka ƙulla yarjejeniyar 1989 da ta kawo ƙarshen yaƙin basasar Labanan.

Sai dai ni a wurina, rabin Ɗa'ifa yana wajen gari. Idan tafiyarku ta faɗo a watan Maris ko Afrilu, to kun dace da kakar furen wardi, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin kwana. Ana tsinkar furen ne da sassafe, kafin rana ta ɗaga ta kwashe ƙamshin, wanda kuwa ya taso daga Makka da hantsi ba zai tarar da komai ba sai itatuwa. A gonakin ƙauyukan Hada da Shafa za ku ga ma'aikata suna cika kwanduna, a kai wurin dafawa a auna, a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe baki, a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bin bututu ta cikin ruwan sanyi, ya ɗiga a cikin wata babbar kwalba mai siririn wuya, man ya taso sama siriri, ruwan wardin ya zauna a ƙasa. Sai an dafa fure sama da 10,000 kafin a sami tola ɗaya ta man, wato cikin 'yar ƙaramar kwalbar turare, kuma yana cikin turaren da ake amfani da shi wajen wankin Ka'aba. Da wannan lissafi mai saye zai gane cewa duk kwalbar da aka miƙo masa a bakin hanya da araha, aka ce masa zallan man wardi ne, to gauraye ne. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi ruwan wardin, tsaraba ce mai kyau.

Shafa tana kudu maso yamma da gari, ta kuma fi shi tsayi, tana haura mita 2,000. Gonakinta a kan gangaren dutse suke, hawa-hawa, an tokare kowane hawa da jerin duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Manomi daga cikinku zai daɗe yana kallon wannan aiki. Da zafi da farkon kaka ake samun inabi da ɓaure da rumman, da kuma barshumi, 'ya'yan wata shuka mai ƙaya da masu sayarwa ke ɓare wa mutum a gabansa. A ɗanɗana salik, shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi, a ɗora mata nama ko kaza. Dare yana da sanyi ko da bazara ne, da hunturu kuwa sanyin ba na wasa ba ne, saboda haka a tafi da rigar sanyi, musamman don tsofaffi da yara.

Ta gabas da gari akwai madatsar ruwa ta Saisad, wadda rubutun da ke jikin dutse kusa da ita ya nuna an gina ta ne da umarnin Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira. Ta arewa maso gabas, kimanin kilomita 40, akwai filin kasuwar Ukaz, inda Larabawan Jahiliyya ke taruwa a watan Zulƙida su yi ciniki, mawaƙa su baje fasaha. Ɗaliban da suka karanta waƙoƙin Jahiliyya a zaure za su so su tsaya a wurin. An farfaɗo da kasuwar a matsayin biki a 2007, amma idan ba lokacin bikin ba ne, fili ne kawai da iska.

Game da takardu, mai bizar Umara a yanzu yana da damar zagaya biranen ƙasar, amma hukuncin bizar Hajji daban ne, kuma dokokin sukan sauya, saboda haka alhaji kada ya bar Makka sai da sanin jami'an da ke kula da shi. A yi cinikin mota a gama kafin a shiga, a fayyace wuraren da za a tsaya da lokacin dawowa.

Saura dalilin saukowa ta Sail da na yi alkawari. A kan wannan hanya miƙatin Ƙarnul Manazil yake, wanda yau ake kira Sailul Kabir, miƙatin mutanen Najadu da duk wanda ya biyo ta nan. Akwai babban masallaci da wuraren wanka, don haka mai niyyar sabuwar Umara ya tafi da haraminsa a jaka tun daga Makka, ya ɗaura a nan. Wanda ya sauko ta Hada kuma yana da masallacin Wadi Muhrim, wanda yake daura da miƙatin. Mai Hajjin tamattu'i da ke son fita tsakanin Umara da Hajji ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, domin akwai maganganun malamai a kan hukuncinsa. A nan zan dakata don a yi tambayoyi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.