Ɗan Barkwanci a Kujerar Darakta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. A majalisun matasa nan Katsina ana yawan jin 'yan barkwancinmu suna cewa za su shirya fim na zamanin da, kuma mutum shi zai rubuta labari, shi zai fito jarumi, shi zai ba da umarni. Kafin su ɗauki kyamara, ina so su ji abin da ya sami Eddie Murphy, ɗan barkwancin Amurka.

A 1989, Murphy yana ɗan shekara 28, ana yayinsa a Amurka, ya fitar da fim ɗin Harlem Nights, wanda shi ya rubuta, shi ya fito jarumi, shi ya ba da umarni. Labarin gidan rawa da caca ne a unguwar Harlem ta New York a 1938, da 'yan daba da ɗan sanda maciyin hanci suna neman ƙwace wurin. Ya gayyato Richard Pryor, gwanin barkwancin da ya taso yana koyi da shi, ya haɗa da dattijo Redd Foxx. Duk mai son raha ya sa rai, amma da aka zauna kallo sai gwiwa ta yi sanyi. Tufafi sun yi kyau, har suka shiga takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar. Dariyar ce ta yi ƙaranci, ashar da harbe-harbe suka cike gurbinta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne Pryor, mutumin da da kallo kaɗai yake sa a ƙyalƙyale, an bar shi yana magana a sanyaye. Har yau Murphy bai sake ba da umarnin wani fim ba.

Ni a ganina ga inda gizo yake saƙar. Wanzami ba ya yi wa kansa aski. Ɗan barkwanci yana buƙatar wani a bayan kyamara da zai ce masa wannan ba ta yi ba, a sake. In shi ne mai kuɗi, shi ne darakta, wa zai iya faɗa masa? Yaransa za su yi ta dariya ne don kada a sallame su.

Sannan zamanin da ba rawani da alkyabba ba ne kawai. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga 1906 zuwa 1944, mutane sun bar kuɗin wuri sun koma sulalla, mota ta shigo gari, an kafa Kwalejin Katsina a 1921, iyaye suna ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. Abin dariya na gaske yana cikin wannan, amma sai wanda ya zauna da tsofaffin Ƙofar Sauri da Gobarau, ya ji yadda suke gaisuwa da yadda suke habaici, zai iya fito da shi.

Don haka ina roƙon 'yan wasanmu, ku nemi marubucin da ya san tarihi, ku miƙa wa wani kujerar darakta, ku tsaya a gaban kyamara. Mu kwana lafiya.