Lacca: Hafsan da ke sauka rami shi kaɗai

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla.

Abu uku na zo da su game da sojojin Ingila masu kwance bam a yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila: su wane ne, yaya suke aikin, sannan me ya same su.

Na farko. Daga 7 ga Satumba 1940 jiragen Jamus suka dinga yi wa Landan ruwan bama-bamai, kusan kullum dare a watanni biyun farko, aka kuma ci gaba har zuwa Mayun 1941. To a cikin bam 10 da aka jefo, wajen 1 ba ya tashi. Kada ku ce an huta. Wanda ya tashi ya yi ɓarnarsa ya gama, a kwashe gawa a share titi. Wanda bai tashi ba kuwa, ya nutse a ƙasa ya kwanta, sai a rufe masana'anta, a tsayar da jirgin ƙasa, a kwashe mutanen unguwa kaf. Dama tun a watan Mayun 1940, kafin a fara wannan ruwan bama-bamai, an kafa ƙananan rukunoni 25 a rundunar injiniyoyin soja, kowanne da laftanar ɗaya, saje ɗaya da sojoji 14. Yawancin laftanonin nan samari ne, sa'o'in waɗanda ke zaune a layin gaban nan. Ana shafa wa madigadin motocinsu jan fenti don a gane su a ba su hanya.

Na biyu. Aikin yawanci haƙa ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan masu haƙar rijiya ya san abin da nake nufi: diga, shebur, laka, ruwa na tsattsafowa, a tokare bango da katako kada ya rufta. Wani lokaci kwana da kwanaki. Sai an tarar da bam ɗin, sai kowa ya ja baya, hafsa ya sauka shi kaɗai. Ku riƙe wannan, shi kaɗai. Lissafin shi ne idan abu ya ɓaci, a yi asarar mutum ɗaya.

To ga inda nake so mu daɗe. A gefen bam ɗin Jamus akwai wani ɗan ƙarfe da ake kira fiyus, shi ne ke tayar da shi, kuma an buga masa lamba a kai. Hafsa zai goge laka da yatsa ya karanta. Idan 15 ya gani, da sauƙi, na lantarki ne, a zuƙe cajin a zare. Da Jamusawa suka gane ana zarewa, sai ga lamba 17, mai agogo a ciki. Agogo na gaske, mai ƙis-ƙis, yana iya kai kusan kwana 3 kafin ya tashi, kuma ba ka san ƙarfe nawa aka saita shi ba. Sai Turawan Ingila suka kawo abin nan da likita ke sa wa a kunne ya saurari ƙirji, suna ɗora shi a jikin bam. Ku dubi wannan hali, jama'a: mutum a ƙasan rami, gwiwa cikin laka, ya kasa kunne yana sauraron abin da zai iya hallaka shi. Daga baya suka ƙera wani ƙaton maganaɗisu da ke riƙe agogon ya tsaya cak.

Jamusawa suka ce haka ne? Suka saka wani tarko a ƙarƙashin fiyus, sunansa Zus 40, kana zarowa ya tashi. Suka ƙaro lamba 50, wanda ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Ingila suka ce to mu bar fiyus ɗin ma, mu huda jikin bam ɗin mu narkar da abin fashewar da tururi. A 1943 sai ga fiyus mai alamar Y, da zaiba a ciki, an yi shi musamman don ya kashe mai kwancewa. Maganinsa shi ne a daskarar da batirinsa da ruwan iskar oksijin mai tsananin sanyi, kuma Manjo John Hudson na cikin waɗanda suka gano hakan. Kamar dara ce tsakanin mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya na zaune a ma'aikata a Jamus, ɗayan kuma duk jifan da ya kuskure, ransa ne.

Abin da ya fi taɓa ni, sau da yawa hafsan kan faɗa wa na nesa kowane mataki kafin ya ɗauka: yanzu zan juya kaza, yanzu zan ja kaza. Don me? Don idan shiru ya biyo baya, na gaba ya san inda tarkon yake. Haka aka tara ilimin nan. Na maimaita, haka aka tara shi.

Af, suna sa wa bama-baman suna fa. Mai kilo 1,000 ana ce masa Hermann, sunan Goering shugaban sojan saman Jamus, saboda tumbinsu iri ɗaya ne. (Dariya.) Mai kilo 1,800 kuwa Shaiɗan, kun ji suna ya dace da mai shi.

Ina muke? Na huɗu ko? To, na uku. Malam mai kula da lokaci ya fara duba agogo, bari in yi sauri. A 12 ga Satumba 1940 bam mai tan ɗaya ya nutse kusa da babbar majami'ar St Paul ta Landan. Laftanar Robert Davies da mutanensa suka kwana 3 suna haƙa, suka ɗora shi a mota zuwa fadamar Hackney suka tayar da shi a can. Shi da sojansa George Wylie sun sami George Cross, lambar yabon da Sarki George na 6 ya ƙirƙiro a wancan watan. A Coventry kuma, Oktoban 1940, Laftanar Alexander Campbell ya kwanta a bayan mota kusa da bam yana sauraro har aka fitar da shi gari, don idan agogon ya fara tafiya ya tsayar da direba su gudu. Ya tsira ranar. Washegari wani bam ɗin ya kashe shi tare da mutanensa.

Na ga hannu. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko bam ɗin da ya daɗe a ƙasa yana lalacewa ya daina aiki.)

Allah ya yi miki albarka, wannan ta fi duk abin da na shirya. Ba ya mutuwa, 'yata, ƙara haɗari ma yake yi, don tsatsa ta ci shi kuma ba a san halin da cikinsa yake ba. A Satumban 2017 an kwashe mutum wajen 60,000 a Frankfurt ta Jamus saboda bam ɗaya na Ingila da ya kwanta tun lokacin yaƙin. A 2021 an tono Hermann guda a Exeter ta Ingila, da aka tayar da shi sai da ya lalata gine-ginen da ke kusa. Shekara 80 fa. Kuma maganar ta shafe mu. A Borno da Yobe manoma na komawa gonakin da aka yi faɗa a cikinsu, yara 'yan gwangwan na tsintar ƙarfe su kai sikeli, an kuma rasa rayuka ta haka. Ku gaya wa ƙannenku, ku gaya wa mutanen ƙauye: ƙarfen da ba ku san shi ba, kada a taɓa, kada a jefe shi da dutse, kada a ɗauka a ce za a kai wa mai unguwa ya gani. A koma ta sawun da aka zo, a hana kowa zuwa wurin, a kira soja ko 'yan sanda masu kwance bam.

An ce an kira salla. Sauran masu tambaya ku same ni a bakin ƙofa bayan Magariba. Wassalamu alaikum.