Idan Na'ura Ta Ƙi Faɗin Abin da Ke Damunta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi ɗan bodin nan da ke kan tebur. ESP32 ne, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai Wi-Fi, irin bodin da ɗalibanmu na Kaduna Poly da KASU ke yawan ɗauka don aikin kammala karatu. An rubuta masa manhaja ya riƙa tada injin burtsatse idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ya kashe idan ya cika. Sai ga shi yana mutuwa yana tashi da kansa, babu gaira babu dalili. Ba shi da allon da zai nuna maka saƙo. To ta ina za a ɓullo masa?

Kafin ka taɓa manhaja, duba wuta. Bodin nan da bolt 3.3 yake aiki, kuma duk lokacin da Wi-Fi zai aika saƙo sai ya zuƙi wuta da ƙarfi. Idan cajar da ka saya a Kasuwar Barci ba ta da ƙwari, ko kebul ɗin siriri ne, wutar kan faɗi na ɗan ƙiftawar ido, bodin ya sake tashi. Mita ba za ta kama wannan ba, ta cika jinkiri, sai osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo. Abin daɗin shi ne ESP32 yana riƙe dalilin tashinsa na ƙarshe, ka tambaye shi tun a layin farko na manhajarka. In faɗuwar wuta ce, kafasita, wato ɗan ma'ajin wuta, kusa da ƙafar da wuta ke shiga bodin, da kebul mai kauri sukan wadatar.

In wuta lafiya lau, sai kowa ya koma ga abin da ya saba, wato sa manhaja ta riƙa turo rubutu zuwa kwamfuta ta siriyal, wato hanyar aika haruffa ɗaya bayan ɗaya ta kebul. Yana aiki, amma da tarko a ciki. A gudun bit 9600 a daƙiƙa, haruffa kusan 960 kawai ke wucewa a daƙiƙa. Da zarar ma'ajin saƙon ya cika, dole manhajar ta tsaya jira, lokutan komai su sauya. Shi ya sa za ka ƙara layin rubutu matsalar ta ɓace, ka cire ta dawo. Kamar ɓera ne, kana kunna fitila ya laɓe. Ko ba komai ɗaga gudun zuwa 115200, ka kuma taƙaita saƙonnin.

Sai JTAG, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1990, da SWD na kamfanin ARM mai wayoyin sigina biyu kacal, dukansu hanyoyi ne na leƙa cikin na'ura daga kwamfutarka. Da ɗan akwatin haɗi irin J-Link, haɗe da GDB, manhajar farautar kurakurai, kana iya tsayar da manhaja a layin da ka ga dama, ka leƙa ƙwaƙwalwa, ka taka layi bayan layi. Sai dai ka tuna, manhajar ka tsayar, injin yana nan yana turo ruwa. Kana can kana nazari tanki ya ambaliya.

A nan ne bin sawu ya fi ƙarfi, kuma a ganina shi ne abin da aka fi sakaci da koyarwa. Ba ka tsayar da komai. Ka ware ɗan wuri a ƙwaƙwalwa, duk abin da ya faru a rubuta lambarsa da lokacinsa, in wurin ya cika sabo ya hau kan mafi tsufa. Bayan na'ura ta faɗi sai ka karanta matakanta na ƙarshe. Ko kuma ka kunna wuta a wata ƙafar bodin a farkon aiki, ka kashe ta a ƙarshe, na'urar karanta sigina ta zana maka tsawon lokacin.

Da haka aka ceci Pathfinder, kumbon binciken da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saukar a duniyar Mars a 1997. Kwamfutarsa ta riƙa sake tashi, injiniyoyin NASA suka kunna bin sawu a kan irinta da ke ɗakin gwaji har matsalar ta maimaita kanta. Ashe ƙaramin aikin auna yanayi ne ya riƙe makullin da babban aiki ke jira, wato izinin da aiki ɗaya kawai ke iya riƙewa a lokaci guda, matsakaitan ayyuka suka hana shi gamawa, agogon gadi, mai lura ko ayyuka na gamawa a kan lokaci, ya ga shiru ya tada komai daga farko. Suka gyara saitin makullin, suka aika gyaran daga nan duniya.