Daga Kaskon Suya Zuwa Tankin Inji: Kayan Haɗa Bayodizal da Tsohon Mai

[Hoto: kwalabe biyu a kan benci]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi kwalaben nan biyu. Ta hagu man suya ne da ya gama aiki, an soya kaji da dankali a ciki har ya yi baƙi yana warin ƙauri. Ta dama kuwa garau take, kamar shayin da bai ji ganye ba. Kwana biyar da suka wuce abu ɗaya ne a cikinsu. Yau in ka zuba na dama a injin niƙa mai shan man gas, wato dizal, zai tashi ya yi aiki. Sunansa bayodizal.

Duk mai injin niƙa a Tudun Wada ko Sabon Gari, da mai gidan burodin da ke kwana da janareta, ya san yadda man gas ya yi ta hawa tun 2022 har lita ta haura naira dubu. Shi ya sa tambayar da aka fi yi mini ita ce, wane inji zan saya? Zan nuna muku injin ɗaya bayan ɗaya. Amma tun yanzu ku riƙe cewa a nan Zariya injin shi ne ƙaramar matsala.

Abin ba sabo ba ne. A baje kolin da aka yi a birnin Faris a 1900, an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, irin wanda iyayenmu mata ke matsa in suna ƙuli. A 1937 wani masani ɗan Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar dabarar sarrafa manja ya dace da inji, kuma kusan ita ake bi har yau. Ko gwamnatin Najeriya ta fitar da tsarinta a 2007, wanda ya amince a gauraya kashi 20 cikin ɗari na bayodizal a man gas.

To me ya hana a tace man kawai a zuba a tanki? Kauri. Man girki ya fi man gas kauri kusan sau goma, nozil, wato bakin da ke fesa mai a cikin inji, ba ta iya fesa shi yadda ya kamata, sai ya riƙa barin dauɗa da ƙanzo a cikin inji har ya kwanta. Ku ɗauka kowace ƙwayar mai awaki uku ne a ɗaure jikin turke guda. Ba yadda za a yi su wuce ƙaramar ƙofa da turkensu. Aikinmu shi ne mu kwance kowace akuya ta tafi ita kaɗai. Mai kwancewar shi ne sinadarin metanol, mai zuga shi ya yi sauri kuma soda ce, wadda masu haɗa sabulu ke saye a kasuwa. Turken da aka bari shi ne gilisarin, yana da nauyi, sai ya nutse ƙasa.

[Hoto: rumfar mai walda, duro a kife]

Ga kayan. Na farko duron tace mai da busar da shi. Duron ƙarfe mai lita 200 ya isa, a ɗora rariya da ƙyalle a bakinsa su tare guntayen ƙosai da ƙashin kifi. Na biyu, shi ne zuciyar aikin, tankin haɗi. Dole ya kasance a rufe ruf, da ƙaramin bututun numfashi da zai fita can waje, gindinsa kuma a tsuke kamar mazurari da kan famfo a ƙasa, don a iya tsiyaye abin da ya kwanta ba tare da an taɓa na sama ba. A jikinsa akwai hita ta lantarki, da ma'aunin zafi, da famfon da ke jan mai daga ƙasa yana mayarwa ta sama. Wannan zagayen shi ne damawar. A Amurka masu yi a gida da yawa tsohon tankin dumama ruwan wanka suke mayarwa tankin haɗi, don dama a rufe yake kuma da hitarsa. Na uku jarka mai kauri da murfi mai kyau, a nan ake narka soda cikin metanol. Na huɗu duron wanki.

In ka je wurin mai walda, ka ja masa kunne a kan abu ɗaya. Ka ce, Malam, ban da alminiyam, ban da ƙarfe mai ruwan kwano, ban da tagulla. Soda na cin alminiyam da kwano, tagulla kuma na lalata man da wuri. Baƙin ƙarfe ko ƙarfen da ba ya tsatsa, su ne. Roba ma sai mai tauri irin ta jarkar sinadarai, wadda za ka ga lamba 2 a gindinta. Kuma kada ya kusanci tsohon duro da wuta sai an wanke shi tas an cika shi da ruwa, don duron da ya taɓa ɗaukar fetur bam ne.

Abubuwan da aka fi rainawa su ne ƙanana: sikeli mai auna giram, sirinji biyu zuwa uku, da kofunan gilashi. Wanda ya ƙi sayen sikeli ya ce zai auna soda da cokali, ya shirya yin sabulu.

[Hoto: sirinji, kofi, garin kurkum]

A nan zan ɗan daɗe, don nan ake faɗuwa. Duk lokacin da aka soya abu, wani ɓangare na man yana tsinkewa ya zama tsami. Wannan tsamin yana cinye soda kafin ta yi aikin da aka sa ta. Sabon mai na buƙatar giram 3.5 na soda a kowace lita, tsoho kuwa sai an ƙara masa gwargwadon tsaminsa, kuma ba a sanin wannan da ido. Sai an gwada.

Ka narka giram 1 na soda a lita 1 ta tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir. A wani kofi ka zuba mililita 10 na sinadarin aisofurofil, wani nau'in sifirit, ka ɗiga mililita 1 na manka, ka barbaɗa ɗan garin kurkum, wato gangamau. Ga shi nan rawaya. Yanzu da sirinji ka riƙa ɗiga ruwan sodar nan kana karkaɗawa, ɗigo bayan ɗigo. Ku duba, ya yi ja ya koma rawaya. A ci gaba. Yauwa, yanzu jan ya tsaya bai gudu ba. Sirinji ya nuna mililita 2 aka ɗiga. Ke nan giram 2 za a ƙara a kan 3.5, ya zama 5.5 a kowace lita. In lita 100 za ka haɗa, sodarka giram 550 ce, metanol kuma lita 20, don ƙa'idarsa kashi ɗaya cikin biyar na man ne. Gwajin nan a yi shi sau uku a ga ya yi daidai. In ka ga ka wuce mililita biyar ja bai tsaya ba, man ya mutu da yawa, sai an fara bi da shi ta hanyar asid, wannan kuwa aikin ɗakin gwaji ne. Mu a Zariya ba mu da uzuri, ga sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa a Basawa. Tambaya ba ta ɓatar da kowa.

Kafin haɗi, sai an raba man da ruwa. Kowace mai ƙosai ta san gwajin: ɗiga mai a kasko mai zafi, in ya yi tartsatsi da ruwa a ciki. Ni na raina wannan a haɗina na farko. Na karɓo mai daga kicin ɗin wani otal, ashe sun tara shi a duro ba murfi da damina. Na auna komai daidai, na dama, na je na kwanta ina ta lissafin riba. Da asuba na buɗe famfo, ko ɗigo bai fito ba. Na leƙa, abin ya kafe kamar kunun da ya kwana, ludayi na tsayawa a ciki. Ruwa da soda da mai sun haɗu sun ba ni sabulun da ko wanki ba ya yi. Kwana biyu na yi ina ƙwaƙule tanki. Tun daga nan nake dumama mai zuwa digiri 60 in bar shi ya kwana, in tsiyaye ruwan da ya kwanta, in sake gwajin kasko.

[Hoto: safar hannu, tabarau, bokitin yashi]

Ku saurara da kyau. Metanol guba ne. Abin da bai wuce cokali ɗaya ba yana iya makantar da mutum, kaɗan a kan haka ya kai shi kushewa. Yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi, takunkumin ƙyalle ba ya tare shi. In ya kama da wuta da rana, harshen wutar da ƙyar ake ganinsa. In aka narka soda a ciki kuma, ya zama abin da ke cin nama. Saboda haka a fili ake wannan aiki, nesa da madafa da yara da kaji, da safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido, da ruwa mai yawa da yashi a kusa. Kada a taɓa zuba shi a gorar ruwan sha. Wanda zai dumama mai da itace don rashin wutar lantarki, ya yi a can gefe, ya kashe wutar murus kafin a kawo jarkar metanol wajen. Sifirit na kemis ba ya maye gurbin metanol, wani sinadari ne daban kuma da ruwa a ciki.

Haɗin kansa gajere ne. Mai ya tsaya a digiri 55, kada ya wuce 60, don metanol na tafasa a wajen 65. A kashe hita, a kunna famfo, a saki haɗin soda da metanol a hankali ta tiyo, a bar shi yana zagayawa awa ɗaya zuwa biyu. A kashe, a bar shi ya kwana. Da safe gilisarin na ƙasa, baƙi-baƙi mai yauƙi, sai a tsiyaye har launi ya canja. Kada a zuba shi a kwata ko inda dabbobi za su lasa, akwai ragowar metanol da soda a ciki.

Don sanin ko haɗi ya kammala, ɗebi mililita 3 na man ka zuba a mililita 27 na metanol ka girgiza. In ya narke garau, ka dace. In ɗigon mai ya kwanta a ƙasa, da saura. Sai wanki: a yayyafa ruwan ɗumi ta sama kamar yayyafin farkon damina, ba girgizawa, ruwan ya ratsa ya sauka da sabulu. Na farko zai fito fari kamar tsala, a yi ta maimaitawa har ya fito kamar yadda ya shiga. Daga nan a shanya man a buɗaɗɗen duro. Busasshiyar iskar hunturu na taimakawa ƙwarai a wannan mataki.

Wajen amfani, injin dizal kawai. Ban da babur, ban da a-daidaita, ban da ƙaramin janareta mai fetur. A fara da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari a gauraya da man gas. Bayodizal na wanke tsohuwar dauɗar tanki, don haka a ajiye filta biyu a kusa, kuma bakanike ya duba tsofaffin tiyon roba, yana laushe su. Ƙarfinsa bai kai na gas ba da kusan kashi goma. Sannan yawancin abin da muke kira man gyaɗa a kasuwa daga kwakwar manja aka tace shi, bayodizal ɗinsa kuma yana fara daskarewa in sanyi ya sauko wajen digiri 15, abin da asubahin Disamba da Janairu ke kaiwa a nan. Ka ajiye kwalba a waje ta kwana. In ka tarar ta yi hazo, ƙara gas. Mai niyyar sayar wa jama'a kuwa sai da lasisin hukuma.

[Hoto: mai ƙosai a bakin titi da yamma]

Saura abin da na fara da shi. Ranar da na fita neman mai, na tsaya wurin wata dattijuwa mai ƙosai a Samaru, na gaishe ta na ce, Inna, in kin gama suya ina kike zubar da tsohon man? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ɗan nan, wa ya gaya maka ana zubar da mai? Ƙari ake yi a kai har ya ƙare.” Gaskiyarta. A Turai da Amurka gidajen abinci neman mai kwashe musu tsohon mai suke. Mu a nan mai wara da mai ƙosai ba sa ragewa, na manyan otal da wuraren soya kaji kuwa akwai masu layin saye su sake sayar wa masu suya, duk da cewa man da aka soya aka sake soyawa ba alheri ba ne ga cikin mutum. Da waɗannan za ka yi takarar farashi. Metanol kuma sai wurin dillalan sinadarai, sau da yawa daga Kano ko Legas, kuma kowace lita biyar ta mai tana cin lita guda tasa.

Saboda haka kafin ka ba mai walda ko sisi, ɗauki jarka da littafi ka zaga wata guda, daga PZ zuwa Kwangila, kicin-kicin na makarantun kwana, masu girkin biki, masu cincin. Rubuta lita nawa ka samu kowane mako, nawa ka biya, tsaminsa nawa. Ka haɗa lita ɗaya tak a kwalba mai murfi, sau uku a jere ta ci gwajin metanol. In littafin ya nuna lita ashirin a mako, tanki mai lita talatin za ka sa a yi maka, ba duro ba.