Yadda dala ta kunyata ni a gaban mai kula da kes

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hasken, a tsakar gida nake zaune don ɗakin ba ya shiguwa, kwanon ya sha rana tun safe. Yau ban yi niyyar ɗaukar komai ba, amma abin da ya same ni in ban faɗa ba barci ba zai zo ba. Na ji kunya yau. Kunya irin wadda za ka so ƙasa ta tsage ka shige.

Waɗanda suka saba kallona sun san ni Bakano ne, shekarata ta biyu ke nan a Yamai, ina karatun akanta da yamma, da safe kuma ina sanin makamar aiki a wani ofishin masu binciken kuɗi. Nan istaji suke ce masa. To yau aka tura mu wani kamfanin sayar da kayan masarufi, shugaban tawagarmu ya ce in je in ƙirga kes, wato akwatin kuɗin kashewar yau da gobe. Aikin yara ne. Ka ƙirga abin da ke cikin akwati, ka duba abin da littafi ya ce ya kamata a samu, ka rubuta bambanci, kai da mai riƙe da akwatin ku sa hannu.

Mai riƙe da shi wani dattijo ne mutumin Tawa, gemu fari tas, carbi a hannu. Da ya ji Hausata sai ya saki Faransanci, ya ce, "Ɗana, kai mutumin Najeriya ne? Zamna, mu yi da harshenmu." Na ji daɗi wallahi. Muka ƙirga, kuɗi ba su cika ba. Ya ce akwai abubuwa uku da ya fitar da safe bai kai ga rubutawa ba: ƙanƙara da ruwa ɗari da hamsin, ɗan kabu-kabu tamanin, katin waya ɗari. Na rubuta, na haɗa, 330. Amma abin da ya ɓace a akwati sefa 1,650 ne. Saura 1,320 ke nan babu bayani.

Ku ga ni, na miƙe da takardata, ƙirji a gaba, na samu shugaba na rage murya na ce na gano giɓi. Ya karɓa ya duba, ya dube ni, ya ce da wane harshe kuka yi lissafin? Na ce da Hausa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe tebur.

Dala ce, jama'a. A Nijar in mutum yana ƙirga kuɗi da Hausa, ba sefa yake ƙirgawa ba, dala yake ƙirgawa, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Ashirin ɗinsu sefa 100 ce, ɗari ɗinsu 500, in ta kai 1,000 su ce jaka guda. Ninka 330 sau biyar, ga 1,650 ɗinka cif, ko sisi bai ɓata ba. Abin haushin ma, na san wannan! Kullum da shi nake sayen dambun zogale a bakin titi. Amma da na sa riga mai kwala na riƙe biro, sai kaina ya koma Kano.

Na koma na ba shi haƙuri. Bai ma ɓata rai ba, cewa ya yi, "Ba komi ɗana, wanda ya riga ka zuwa ma haka ya yi." Ya zuba mini shayi. Wannan shayin ya fi mari zafi.

Shugaban kuma bai ƙyale ni ba a mota. Ya ce ko da giɓin gaskiya ne, kamfanin da ke juya miliyoyi ba a tsayar da aiki a kan jaka ɗaya da 'yan canji, akwai iyakar da ake sawa tun farkon bincike, abin da bai kai ta ba a rubuta a wuce. Kuma mai bincike ba ya cewa an ci kuɗi, cewa yake ba a kawo shaida ba. Mun yi wannan a aji, har na ci jarrabawarsa.

Duk wanda ke shirin zuwa nan daga gida yana ganin ai Hausa ce za ta fisshe shi, to ina ja masa kunne. E, tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, kuma a kasuwar Katako ko Wadata ba za ka ɓata ba, ko da yake Zabarmanci ya fi cika kunne a wasu unguwannin. Amma littattafan kuɗi da Faransanci suke, kuma tsarin ma daban ne. Mu a gida IFRS muka sani, wato ƙa'idojin rubuta rahoton kuɗi na duniya, ICAN kuma, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya, ita ce burin kowa. Nan SYSCOHADA ake bi, wato tsarin akanta na ƙasashen OHADA 17, ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci iri ɗaya, wanda aka sabunta ya fara aiki a Janairun 2018. Kowane asusu da lambarsa, kuma lambar ɗaya ce daga nan har Dakar: 57 kes, 52 banki, 401 masu kawo kaya, 411 masu saye, duk abin da ya fara da 6 kashewa ne, mai 7 shigowa. Farkon zuwana na tsane shi, na ce wannan ai hadda ce kamar allo. Yanzu kuwa, ba yabon kai ba, ko tsakar dare ka tashe ni zan karanto maka, kuma na ga daɗinsa: ka shiga kamfanin da ba ka taɓa gani ba, ka buɗe littafi ka san inda komai yake.

Ga harajin kaya, nasu kashi 19 cikin ɗari, namu 7.5. Ga waƙafi da suke sawa a cikin lambobi inda muke sa ɗigo. Satina na farko kwamfuta ta ƙi haɗa mini lissafi, na zauna ina zarginta, ashe ni ne.

Wahalar gaske dai lokaci ne. Kamfanonin nan duk 31 ga Disamba suke rufe shekara, saboda haka rana ɗaya kowa yake son a zo a ƙirga masa kaya. Bara a sito na yi sallama da shekara, ina hawa kan buhunan shinkafa da alli a hannu, mai sito yana rantsuwa layin baya ma goma-goma ne, ni kuma an ce sai na gani da idona. Na sa aka janye na gaba. Goma-goma ɗin ne kuwa, ya yi ta harara ta har magariba. Daga Janairu zuwa Afrilu kuma ba a numfashi, kuma daidai nan jarrabawa take faɗowa, ga zafin Afrilu da ke narkar da ƙwaƙwalwa. Na sha fita daga ofis ƙarfe biyar da rabi, in tsaya neman tasi mai zuwa hanyata, in shiga aji malam ya cika allo. Jaka hamsin ɗin da ake ba ni a wata, tasi da abincin rana ke cinye fiye da rabi. In ba ka da mai turo maka daga gida, kada ka zo da lissafin cewa istaji zai riƙe ka. Kuma ka kai wa shugabanka jadawalin jarrabawa tun wuri, a rubuce. Ni baki na faɗa masa, ya manta, ranar ta zo ina wani sito a bayan gari.

Jiya Hajiyarmu ta kira, wai yaushe zan gama "ƙirgen kuɗin mutane" in dawo. Ina jin ƙarar ludayi a bayanta, na san miyar kuka ce, sai da na yi shiru kaɗan. Kilishin nan ya fi namu, wannan na yarda ko da Kanawa za su cinye ni a ƙasan bidiyon nan, amma tuwo sai gida.

Gobe ma kamfanin za mu koma, asusun 401 za mu bi, kuma teburin dattijon ne a bakin ƙofa, ba hanyar kauce masa. Na sayo masa goro na ɗari. Ɗarinsu fa, ba tamu ba.