Ruwan da ke biyo ɗanyen mai: ina za a kai shi?

Jama'a masu saurarenmu, idan aka ce an haƙo mai, hankalin kowa kan tafi ga ganguna da daloli. Amma rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. A ƙiyasin da masana suka saba bayarwa, kowace ganga ɗaya ta ɗanyen mai tana tahowa da kusan ganga uku na ruwa, kuma idan rijiya ta tsufa ruwan yakan ninka haka nesa ba kusa ba. Ruwa ne mai gishirin da a wasu wurare ya fi na teku sau da yawa, ga ɗigon mai, ga sinadarin benzin mai jawo cutar daji, ga ƙarafa masu guba.

An daɗe ana mayar da shi ƙarƙashin ƙasa. Sai dai a jihar Oklahoma ta Amurka yawan ɗura wannan ruwa ya tayar da girgizar ƙasa, har a 2016 aka yi wadda ta kai maki 5.8 a kusa da garin Pawnee.

To mene ne mafita? Hanyar da injiniyoyi ke ƙara karkata gare ta ita ce haɗa dabaru biyu. Da farko ana busa wa ruwan iskar ozon, wato wani nau'in iskar oksijin mai ƙarfi, ko a zuba masa wani sinadari mai suna haidurojin faroksaid tare da sinadarin ƙarfe, dabarar da ta samo asali daga binciken wani masanin sinadarai mai suna Fenton a 1894. Wannan yana farfasa maiƙo da gubar da ta narke a ciki. Daga nan sai a tura ruwan da ƙarfi ta cikin mataci mai ƙofofin da ido ba ya gani, wani na yumɓun da aka gasa, wani na roba, na ƙarshensu kuma shi ke tare gishiri. Duk wadda ta taɓa tace abu mai maiƙo a rariya ta san yadda ƙofofin ke toshewa nan da nan. Haka matacin nan yake: idan aka ba shi ruwan yadda ya fito, sai ya liƙe, a yi ta wanki ana sauyawa, kuɗi na zurarewa. Ozon ɗin kuwa, duk ƙarfinsa, ba ya cire gishiri. Dole kuma a tabbata babu ragowarsa kafin ruwan ya isa matacin roba, domin yakan cinye shi.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye wa jama'a ba. Mataci ba ya kashe gishiri da guba, tara su yake a gefe ɗaya. Wannan ruwa mai kauri da ya rage, idan aka zubar da shi a rami mara shimfiɗar da za ta hana shi tsiyaya cikin ƙasa, an yi aikin banza.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, Nijar kuma tana haƙo na Agadem tun 2011. Yankuna ne da jama'a suka dogara da ruwan rijiya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas ya gano benzin a ruwan shan garin Nisisioken Ogale da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Malalar mai ce ta jawo wancan, amma ya nuna tsadar gyara ruwan ƙarƙashin ƙasa idan ya lalace.

Don haka muna kira ga hukumar NUPRC mai kula da harkar haƙo mai a Najeriya, tun kafin Kolmani ya kankama, ta buƙaci kowane kamfani ya gabatar da tsarinsa na tace ruwa a rubuce, da inda zai kai ragowar gishirin. A auna rijiyoyin ƙauyukan Alkaleri da Akko yanzu, a karanta wa masu unguwanni sakamakon da Hausa da Fulatanci, a kuma riƙa maimaita awon a kai a kai.